Kafin a ce 'yan Jain sun haukace, a duba me suka yi alwashi a kai

Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a wayoyin mutane tun 2024, har yau in an kwana biyu sai wani ya sake tono shi ya turo. Wani attajiri ne ɗan jihar Gujarat ta Indiya, harkar gine-gine yake yi, shi da matarsa sun ci ado kamar ranar ɗaurin aurensu, suna tsaye a kan wata mota da aka ƙawata, ana zagaya gari da su suna watsa wa jama'a kuɗi da tufafi. Jaridun can sun ce abin da suka rabar ya kai rupi biliyan 2, wajen dala miliyan 24 kenan. Bayan biki sai aski, sai farin ƙyalle, sai tafiya ba takalmi ana barar abinci gida-gida har ƙarshen rayuwa. 'Ya'yansu biyu ma sun riga su shiga tun 2022.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne irin maganganun da na ji ana yi a kai. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce taɓin hankali ne irin na masu kuɗi, wani kuma cewa ya yi ai da nan ya kawo mana mu taya shi rabuwa da su. Kowa ya yi dariyarsa ya wuce. Ko mutum ɗaya ban ji ya tambaya ba, wai shin mutanen nan me suka yi imani da shi, wane alƙawari ne zai sa magidanci ya ajiye wayarsa da makullin gidansa ya kama hanya a ƙasa.

Toh ni dai ga matsayata tun daga farko. Addinin Jain, wanda shi ne addinin mutanen nan, yana da tsarin ɗa'a da ya fi ƙarfin dariya, kuma abin dubawa a cikinsa ya fi yawa a wajen ɗan kasuwan da ya zauna a shagonsa da sikelinsa a kan wajen masu watsar da dukiya a titi. Tsarin yana da kyau matuƙar baligi ne ya ɗaura wa kansa da kansa. Ranar da aka ɗauko shi aka ɗora wa yaro ko maƙwabci kuwa, sai ya koma cutarwa, wadda ita ce babban abin da addinin ya ce a guje wa.

Kuma don Allah kar wani ya zo min da cewa tallar addini nake. Ni Musulmi ne, aƙidar mutanen nan ta yi hannun riga da tawa tun daga tushe, don su ba su ma yarda akwai Mahalicci ba sam, a wajensu duniya ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Wannan babu wani kwana-kwana a ciki. Amma sanin abin da mutum ya ɗauka daidai da abin da ya ɗauka laifi ai ba shi ne bin sa ba.

Su wane ne, a taƙaice

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna ba su kai miliyan 4 da rabi ba, kashi 0.4 cikin 100 na mutanen ƙasar, sun fi yawa a jihohin Maharashtra, Rajastan, Gujarat, Madhya Pradesh da Karnataka. Amma su suka fi kowace al'ummar addini a ƙasar yawan masu karatu da rubutu, kusan kashi 95 cikin 100. Suna da jagorori 24 da suke kira Tirthankara, na ƙarshensu shi ne Mahavira, ɗan gidan sarauta daga yankin da yanzu ake kira Bihar, ya yi zamani da Buddha, al'adarsu ta ce ya rayu daga 599 zuwa 527 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A wajensu duk abin da ke da rai yana da ruhi, daga mutum zuwa tururuwa zuwa tsiro, har ruwa da ƙasa da iska suna ɗauke da rayuka. Duk aikin da ka yi cikin fushi ko girman kai ko yaudara ko kwaɗayi, wani abu kamar ƙura yana manne wa ruhinka ya yi masa nauyi, shi suke ce wa karma, shi ke sa a yi ta sake haihuwarka. Babu mai yafe maka babu mai cetonka, kai za ka kankare abinka.

Daga nan alwashi biyar suka fito: kar ka cutar da mai rai, kar ka yi ƙarya, kar ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, ka kame daga sha'awa, kar ka tara abin duniya. Wanda ya bar duniya yana ɗaukar su gaba ɗaya babu ragi, magidanci kuma yana ɗaukar ƙaramin samfurinsu, misali shi kamewarsa ita ce ya tsaya ga matarsa.

Na san me za a ce: toh meye sabo a nan, wane addini ne ya ce a yi sata? Haka ne. Abin yana cikin yadda suka bi shi filla-filla.

Sikeli, jaki da takardar bogi

Akwai wani tsohon littafinsu, Tattvartha Sutra, na wani malami Umasvati, wanda duk ɓangarorinsu suka yarda da shi. A ciki kowane alwashi an lissafa masa hanyoyi biyar da mutum zai bi ya ɓata shi alhali yana rantsuwa bai karya ba. Nan ne fa abin ya burge ni, don marubucin ya san halin ɗan Adam, ya san yawancinmu ba ma fasa shago da dare, da rana tsaka muke yin tamu satar muna murmushi.

Ɗauki alwashin sata. Sa wani ya sato maka, sayen kayan sata, kauce wa dokar ƙasa a harkar ciniki, amfani da ma'auni biyu wato babba na saye ƙarami na sayarwa, da algus, ka cakuɗa mai kyau da marar kyau ka sayar a kuɗin mai kyau. Duk wanda ya taɓa sayen buhun hatsi ya tarar da tsakuwa a ƙasa, ko ya ga mudun da aka bubbuge gindinsa, ba sai an yi masa bayani ba, mu ma sura guda aka saukar a kan masu tauye awo.

Alwashin gaskiya kuma an sa masa koyar da mutane abin da ba daidai ba, tona asirin abin da ya gudana tsakanin miji da mata, rubuta takardar bogi, da cin ajiya. Wannan na ajiyar ma da ban dariya yadda malamansu suka yi sharhinsa: mutum ya ba ka ajiyar dubu goma, ya manta, ya dawo ya ce ba ni dubu takwas ɗina, kai kuma ka miƙa masa takwas ɗin ka ja bakinka ka yi shiru. Ba ka furta ƙarya ba ko kalma ɗaya, amma a wajensu ka ɓata alwashinka.

Na rashin cutarwa shi ma ba a sauro da tururuwa ya tsaya ba. Ɗaure dabba ɗaurin azaba, dukanta, yanke mata wata gaɓa, ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, hana ta ci da sha. Malaman suka ce wannan ya haɗa da ma'aikacin da ke ƙarƙashinka. Kaga kenan mai gidan da ke labta wa yaron shagonsa aiki daga asuba zuwa sha ɗaya na dare ya shiga lissafi, ko da kuwa bai taɓa sa nama a bakinsa ba.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na biyar. Magidanci ba a ce ya watsar da dukiyarsa ba, cewa aka yi ya yanka wa kansa iyaka. Ya zauna ya faɗi adadi: gida kaza, gona kaza, zinare kaza, hatsi kaza, dabbobi kaza, har tufafi da kwanuka. Abin da ya haura wannan ba nasa ba ne, sai dai ya bayar. Kuma da yake sun san mutum da wayo, malamansu na da irin su Hemachandra, wanda ya rayu a Gujarat a ƙarni na 12, har dabarun kauce wa iyakar suka rubuta. Wanda ya ce gida ɗaya zai mallaka sai ya sayi na maƙwabci ya rushe katangar tsakani ya ce ai ɗaya ne. Wanda zinarensa ya haura sai ya miƙa wa matarsa ta riƙe masa da sunan kyauta. Wanda ya yi alwashin kwano goma sai ya narkar da ƙanana ya ƙera manya guda goma. Shekara sama da ɗari takwas kenan da rubuta wannan, amma kamar jiya aka leƙa takardar bayyana kadarorin wani ɗan siyasa.

Wannan daban yake da zakka, kar a cakuɗa. Zakka haƙƙi ne da ake cirewa daga abin da ka mallaka, ba ta yanka maka inda za ka tsaya. Shi wannan tambaya ɗaya yake tilasta maka ka amsa da bakinka: nawa ne ya ishe ka? Na san mutum zai iya yanka iyakarsa a sararin samaniya ya ce biliyan 50, babu mai hana shi. Duk da haka wanda ya furta adadi ya ba matarsa da 'ya'yansa da malaminsa abin da za su kama shi da shi. Yawancin masu kuɗin duniya ko a mafarki ba su taɓa furta nasu ba.

Ai ba zai yiwu a rayu ba a kashe komai ba

Wannan ita ce suka ta farko da kowa ke kawowa, kuma su ma sun san da ita tun kafin a haife mu. Shi ya sa suka kasa cutarwa gida huɗu: wadda aka yi da gangan, wadda ke faruwa a aikin gida kamar girki da shara, wadda ke faruwa a wajen sana'a, da ta kare kai. Magidanci ta farkon ce aka haramta masa ƙwarai, sauran an ce ya rage iya ƙarfinsa. Shi ya sa a tarihinsu akwai sarakuna da mayaƙa. Ƙaton gunkin nan na Shravanabelagola a Karnataka, mai tsawon ƙafa 57, wani kwamandan yaƙi ne mai suna Chamundaraya ya sa aka sassaƙa shi wajen shekarar 981.

Abin da suke farauta a gaskiya shi ne sakaci. Leƙa kicin ɗin matar Jain mai riƙo da addini. Ruwa sai ta tace da ƙyalle kafin a sha, gari sai ta tankaɗe ta duba, babu nama babu ƙwai babu zuma babu giya, kuma babu albasa, tafarnuwa, dankali ko karas, don tono saiwa yana kashe tsiron gaba ɗaya da ƙwarin da ke jikinsa. Inda wasu ke sa dankali ita ɗanyar ayaba take sawa. Abincin dare kuma kafin rana ta faɗi ake gamawa, don da can fitila ke jawo ƙwari su faɗa cikin kwano. In ka taɓa sayen tikitin jirgi zuwa Indiya ka ga an rubuta abincin Jain a jerin zaɓi, toh shi ne wannan.

Masu zuhudun nasu kuwa sun kai abin ƙarshe. Ɓangare biyu ne, Shvetambara masu farin ƙyalle, wasunsu har da ƙyallen rufe baki, da Digambara waɗanda mazajensu ba sa sa komai a jiki. Na Digambara sau ɗaya yake cin abinci a yini, a tsaye, ya haɗa tafukan hannunsa a zuba masa loma, ya bi ta da yatsa yana dubawa kafin ya kai baki. In ya ga gashi ko ƙwaro a ciki shikenan ya saki hannu, sai kuma gobe. Kayansa duka tsintsiyar gashin ɗawisu ce, wanda tsuntsun ya zubar da kansa, da butar ruwa. Gashin kansa da hannu yake tuge shi. Ba ya hawa mota, da damina kuma wata huɗu yake yi a wuri ɗaya don kar ya tattake abin da ruwa ya fito da shi.

Ni ba zan iya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi ba, Allah ya halatta mana nama mun gode. Amma mutumin da ke kallon inda zai sa ƙafarsa saboda kiyashi, ban ga abin raini a tattare da shi ba. A Delhi daura da Jan Ganuwa, wato tsohuwar fadar sarakunan Mughal, cikin harabar wani tsohon wurin bautarsu, asibitin tsuntsaye ne guda suke gudanarwa, ana kawo tattabarar da fanka ta sare ko zaren wasan yara ya yanke a yi mata magani kyauta. Gandhi ma a cikin irin wannan iskar ya taso a Gujarat, kafin ya tafi Ingila karatu a 1888 a gaban wani malamin Jain ya yi wa mahaifiyarsa alƙawarin ba nama, ba giya, ba mata.

Masu wa'azin kar a tara, su suka fi kowa tarawa

Wannan sukar ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. 'Yan Jain suna cikin al'ummomin da suka fi arziki a Indiya. 'Yan garin Palanpur na Gujarat kaɗai sun kama babban kaso na cinikin daimon tun daga Mumbai da Surat har Antwerp ta Beljiyam. Kuma ruwa ba ya tsami banza, alwashin ne da kansa ya tura su can. Littattafansu sun hana sana'o'i da dama, ƙona gawayi, sare daji, cinikin giya, guba, hauren giwa, dabbobi. Noma ma da yawansu sun guje shi saboda garma tana kashe abin da ke cikin ƙasa, duk da cewa a kudu akwai manoma a cikinsu. Me ya rage? Tufafi, zinare, duwatsu masu daraja, da ba da bashi. Ga karatu, ga amana a tsakaninsu, ga rashin kashe kuɗi a giya, ai dole dukiya ta taru.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shinkafar da ɗan kasuwan yake ci wani ne ya noma ta, wato wani ne ya ɗauki laifin kashe tsutsar a madadinsa. Sannan mai ba da bashi da ruwa zai iya ƙare rayuwarsa bai taka ko cinnaka ba, amma ya raba manomi goma da gonakinsu. Wannan gurbi ne babba, tsarin ya fi iya ganin cutarwar da hannu ke yi a kan wadda takarda ke yi.

Kuma ba duka ne ke riƙe da alwashin ba. Nirav Modi, dillalin daimon ɗin da ake zargi da damfarar bankin Punjab National kusan dala biliyan 2 a 2018, wanda aka kama a Landan a 2019, daga gidan 'yan Jain na Palanpur ya fito. Sai dai in za a auna koyarwa da mafi lalacewar mabiyanta, babu addinin da zai sha, har da namu. Abin da zan ce kawai, takardar bogi tana cikin jerin da na kawo a sama, littafinsu ya riga kotu yanke masa hukunci.

Azumin mutuwa

A nan ne na fara rabuwa da su sosai. Suna da abin da suke kira sallekhana ko santhara. Wanda tsufa ya ci ƙarfinsa ko cutar da ba ta da magani ta kama shi, sai ya nemi izinin malaminsa, ya yafi kowa ya nemi yafiya, ya riƙa rage abinci kaɗan-kaɗan, daga baya ruwa ma ya bari har rai ya yi halinsa. Babban malaminsu Acharya Vidyasagar haka ya rasu a watan Fabrairun 2024 yana da shekara 77. Su sun ce wannan ba kisan kai ba ne, don mai kashe kansa cikin ɓacin rai da gaggawa yake yi, shi kuwa wannan ko fatan mutuwar ta zo da wuri an lissafa shi cikin abin da ke ɓata alwashin.

A matsayina na Musulmi rai amana ne, ba ni da ikon sallamar sa, magana ta ƙare. Amma tambayar da ta shafi hukuma daban ce. Ranar 10 ga Agustan 2015 babbar kotun Rajastan ta ce al'adar laifi ce daidai da yunƙurin kashe kai, 'yan Jain suka fito zanga-zangar lumana a garuruwa, ranar 31 ga watan kotun ƙoli ta dakatar da hukuncin. Ni ina ganin tura ɗan sanda kan dattijo ɗan shekara 85 mai ciwon daji don ya ƙi cin abinci ba zai gyara komai ba. Abin tsoron yana wani wajen: tsohuwar da mijinta ya mutu, jinyarta ta ishi 'ya'ya, aka fara yi mata zancen falalar abin a kunne. Da zarar an sanar, jama'a sun fara zuwa neman tabarruki, dangi sun samu suna, ta ina za ta ce ta fasa a kawo mata kunu? Abin da ya kamata hukuma ta sa wa ido kenan, wa ya nema, likita ya gani, kuma ƙofar fasawa a buɗe take ko a'a.

Batun yara kuwa babu ma abin tattaunawa. A 2016 a Haidarabad wata yarinya 'yar shekara 13 ta yi azumin kwana 68 ba ta shan komai sai tafasasshen ruwa. Aka yi mata gagarumin biki da ta kammala, kwana biyu bayan nan zuciyarta ta tsaya. Iyayen suka ce ita ta nace. Haba jama'a. 'Yar shekara 13 in ta nace za ta tuƙa tirela ba ta makulli ake yi? Haka ma yaran da ake aske wa kai a shigar da su zuhudu tun ba su san me suke bari ba. Alwashi sai da hankali da zaɓi, wanda aka tafa wa yaro har ya ɗauka, na manya ne suka rataya masa.

Akwai kuma wata lamba da ta fi komai ɗaure min kai. A ƙidayar 2011, cikin yara 'yan ƙasa da shekara 7, 'yan Jain suna da mata 889 ne kacal a kan kowane maza 1000, ƙasa da na Indiya baki ɗaya wanda shi ma ya yi ƙasa. Kowa a can ya san me ke jawo irin wannan giɓin, a yi sikanin a ga mace ce a zubar, abin da dokar ƙasar ta hana tun 1994. Al'ummar da ke tace ruwa saboda abin da ido ba ya gani. Wannan ba laifin alwashin ba ne, amma ya nuna mutum zai iya riƙe ƙananan dokokin kicin ƙam-ƙam ya saki babbar.

Naman maƙwabci

Kowace shekara wajen Agusta ko Satumba suna da kwanakin ibada da ake kira Paryushan, takwas a wajen Shvetambara, Digambara kuma nasu goma ne. Azumi ake yi da tuba, a ƙarshe kowa ya bi 'yan uwa da abokan hulɗa yana cewa micchami dukkadam, wato in na ɓata maka ka yafe ni. Wannan kam abu ne mai kyau, ko abokin gaba ana kira a waya.

Matsalar ita ce a kwanakin nan sukan nemi hukuma ta rufe mayanka. Abin yana da tarihi, tun sarki Akbar na daular Mughal ya gayyaci malaminsu Hiravijaya fadarsa a wajen 1582 ya kuma hana yanka a kwanakin. A 2008 kotun ƙolin Indiya ta goyi bayan rufe mayankar birnin Ahmedabad na kwana 9, ta ce ai ɗan lokaci ne, a yi haƙuri da juna. A 2014 masu zuhudu wajen 200 suka yi yajin cin abinci a Palitana, garin da ke da ɗaruruwan wuraren bautarsu a kan dutse, har aka hana sayar da nama da ƙwai a garin. A 2015 rigima ta tashi a Mumbai kan irin wannan hanin har ta kai kotu. A Mumbai ɗin dai sananne ne akwai gidajen haya da unguwannin da in kana cin nama ba za a ba ka ɗaki ba, kuma ba sai an faɗa maka su wa wannan ya fi shafa ba.

Ni ban yarda da kotun ba. Kwana 9 ɗan lokaci ne a wajen alƙali mai albashi. Mahaucin da sai ya yanka yake cefane, kuma yawancinsu Musulmi ne talakawa da 'yan ƙananan ƙabilu, wa zai ciyar da gidansa? Hana ma'aikaci abincinsa fa yana cikin abubuwa biyar ɗin da littafinsu ya ce suna ɓata alwashin farko. Kuma su ne ke da koyarwar nan ta anekantavada, cewa gaskiya fuskoki gare ta da yawa, kowa gefe yake gani, su ne ke ba da labarin makafin da suka taɓa giwa kowa ya siffanta abin da hannunsa ya kama. Wanda ya yarda da wannan bai kamata a gan shi a ofishin hukuma yana neman a rufe tukunyar wani ba. Ga siyasar Indiya ta yau kuma, inda batun nama ya zama sandar dukan Musulmi, masu neman fitina ba ƙaramin daɗi suke ji ba in suka samu mai farin ƙyalle ya shige musu gaba.

Wani zai ce toh in har sun yi imani rai ake kashewa, ya za su yi shiru? Ba a ce su yi shiru ba. Su yi wa'azi, su buɗe gidajen kula da dabbobi kamar yadda suka daɗe suna yi, in suna son a rufe mayanka su biya mahauta kuɗin kwanakin, ai ba su rasa ba.

Wasu ma sun gwada hanyar aljihu. Gab da babbar sallar 2024 jaridun Indiya sun ruwaito yadda wasu matasan Jain a tsohon birnin Delhi suka tara rupi miliyan 1 da rabi, suka bazu kasuwannin dabbobi suka sayi awaki 124 don kar a yi layya da su, suka kai su harabar wurin bautarsu suna ba su ciyawa. Ban ga laifinsu a nan ba, kuɗinsu ne, ba su hana kowa layyarsa ba, masu awaki ma sun ji daɗin ciniki, baɗi sai su ƙaro wasu. Sai dai don kar a tsuga musu kuɗi, shigar burtu suka yi, suka sa kaya irin na Musulmi suka riƙa kwaikwayon maganarsu a wajen tayi. Sun cika alwashi na ɗaya, na biyun kuma, wato na gaskiya, sai su je su yi wa malaminsu bayani.